Koyar da Tatsuniyoyin Al'ummai ga Sababbin Ɗalibai: Misali daga Anka, Gummi da Bukkuyum

Ɗalibin da ya taso a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, yakan zo da tatsuniyoyi cike da kansa, amma ba ya ɗaukarsu ilmi. A ganinsa hirar tsofaffi ce da yara bayan an ci tuwon dare. Saboda haka aikin malami na fari shi ne ya nuna masa darajar abin da ke hannunsa, kafin a kawo masa na waɗansu ƙasashe.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a umurci kowane ɗalibi ya rubuto tatsuniya ɗaya yadda ya ji ta a gida, da Hausar garinsu. In tsohuwa ta ce "ɗiya" ko "tahi", kada a mayar da su "'ya" da "tafi", gama lafazin yana cikin abin da ake nazari. Wannan aiki ba sabo ba ne a ƙasar. Yawancin abin da Frank Edgar ya buga a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, daga 1911 zuwa 1913, malamai ne suka rubuta shi da ajami a lardin Sakkwato, wanda garuruwan nan uku ke cikinsa a wancan zamani.

Sa'an nan sai a shiga kwatanci. A ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja. An kori 'yar bora ta je ta wanko shimfiɗar da aka ɓata, ta gamu da abubuwan al'ajabi a hanya, har da cinya da kare, ta gaishe su da ladabi, ba ta yi musu dariya ba. Aka ba ta ƙwai, ta fasa, dukiya ta fito. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta komo da kutare da makafi. To, sai a ajiye wannan kusa da labarin Frau Holle, wanda 'yan'uwan nan biyu na Jamus, watau Grimm, suka buga a 1812. A can yarinya ta faɗa rijiya, ta yi wa tsohuwa aiki da himma, aka zubo mata zinariya. Malalaciyar 'yar'uwarta kuwa aka zubo mata kwalta.

Ɗalibi zai ga ƙashin labarin ɗaya ne. Masana ma sun ba irinsa lamba 480 a jerin da Antti Aarne ya fara a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa. Amma ilmin yana wurin bambancin. Gidan Bahaushe na kishiyoyi ne, uwayen biyu duk suna raye. A na Bajamushe mace ɗaya ce ke fifita 'yar cikinta. Bajamushe ya jarraba yarinya da aiki, Bahaushe ya jarraba ta da ladabi da kame baki. Ta haka ɗalibi zai gane kowace al'umma takan sa wa labari rigar halin da ta fi girmamawa.

Ba lalle sai an haye teku ake samun abin kwatanci ba. Fulani na zaune a ƙasashen nan tun da daɗewa, Gummi da Bukkuyum kuwa suna maƙwabtaka da ƙasar Zuru ta Dakarkari. Ana iya gwada Gizo da Ananse na Asante, ko da kunkurun Yarbawa. Daga ƙarshe a karanta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, a ga yadda Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da labarun Turai, ya mai da su na gida.

Abu ɗaya ya sa aikin ya zama na gaggawa. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yammacin Zamfara, mutane sun taru a manyan garuruwa, hirar dandali ta yi ƙaranci. Tsohuwar da ta bar ƙauyenta ta tafi da tatsuniyoyinta, in ta rasu ba a rubuta ba, sun tafi ke nan. Ɗalibin da ya koma gida hutu da alƙalami da takarda, shi ne ya fi kowa damar riskarta.