Daidaita Rubutu a Manhajar Bincike da Hanyoyin Gaggauta Shi

Duk wanda ya taɓa neman wata takarda a kwamfuta ya san cewa amsa kan zo kafin ƙiftawar ido. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kafin manhajar bincike ta ajiye kalma a fihirisarta, sai ta daidaita ta tukuna, wato ta mayar da siffofinta dabam-dabam zuwa siffa guda. Babban harafi yakan koma ƙarami, ta yadda Kano da KANO za su zama abu ɗaya. Haka kuma wasali mai alamar karin sauti, kamar à, tsarin Unicode ya yarda a rubuta shi ta hanya biyu: ko harafi guda, ko a da alamarsa a rarrabe. Ido ba ya bambanta su, amma wajen na'ura abubuwa biyu ne.

Wannan aiki ƙarami ne a kan kalma ɗaya, amma idan takardu suka kai miliyoyi, sai ya zama kaya mai nauyi. Saboda haka masana suka ɓullo da dabaru, kuma tushensu ɗaya ne: kada na'ura ta yi aikin da babu bukatarsa.

Dabara ta farko ita ce dubawa kafin gyara. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, alamomi 128 na tsohon tsarin ASCII kowanne bayit ɗaya yake ci, kuma lambar farko ta bayit ɗin sifiri ce. Na'ura tana iya duba bayit takwas a lokaci guda; in duk sifiri suka fara da shi, babu abin da ya rage sai rage girman harufa. Ta biyu ita ce tanadar jadawali tun da wuri, domin a ɗauko madadin kowane harafi kai tsaye maimakon a yi ta gwaji. Ta uku kuwa ita ce a bi rubutu sau ɗaya tak, a gyara shi inda yake, ba a riƙa kwafe shi a kowane mataki ba.

To, sai dai Hausa tana da nata sha'ani. Harufa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa cikin ASCII, kuma kowanne bayit biyu yake ci. Har ila yau, Unicode bai raba su gida biyu kamar à ba, don haka cire alamomi ba ya taɓa su. Wasu jadawalai, kamar na manhajar Lucene, sukan mayar da ƙ ta zama k. Wannan yana taimakon wanda allon rubutunsa ba shi da ƙugiya, amma yana haɗe ƙafa da kafa, da baƙi da baki, da ƙara da kara.

Mafita ita ce a ajiye siffofin biyu a fihirisa, a fifita wadda ta yi daidai da abin da mai nema ya rubuta, sannan a yi wa tambaya irin daidaitawar da aka yi wa takardu. Ma'aikacin da ya nemi fayil a kan baƙin da suka ziyarci ofis, aka jero masa rahotannin ciwon baki, bai amfana da saurin na'ura ba. Gaggawar da ta ɓatar da ma'ana ita ce Hausawa ke cewa tana haifar da nawa.