Motar Makaranta a Ingila: Ina Haƙƙi Ya Tsaya, Ina Alfarma Ta Fara?

Tun dokar ilimi ta 1944 Ingila ta ajiye ma'aunin kai yara makaranta kyauta. Yaron da bai cika shekara 8 ba, idan makaranta mafi kusa da gidansu ta wuce mil 2, ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar nauyin kai shi da dawo da shi. Wanda ya kai 8 kuwa, sai tazarar ta haura mil 3. Dokar 1996 ta riƙe wannan ma'auni, ta 2006 ta ƙara sassauci ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Yaron da lalura ta hana shi tafiya a ƙasa, da wanda hanyarsa ke da hatsari, su ma suna ciki. Duk wannan wajibi ne har yaro ya kai shekara 16, kuma ba hukumar da ta isa ta janye shi.

Bayan wajibin akwai taimakon ganin dama: kuɗin motar ɗaliban kwaleji 'yan shekara 16 zuwa 18, jigilar yaran da iyayensu suka zaɓa musu makarantar addini mai nisa, da kujerun da suka rage a mota waɗanda ake sayar wa iyaye da rahusa. Nan ne wuƙar tsimi ke sauka.

Me ya jawo haka? Tun 2010 gwamnatin tsakiya ta rage kuɗin da take bai wa ƙananan hukumomi, ga kula da tsofaffi da yara marasa galihu yana cinye kasafi. Yara masu takardar tallafin buƙata ta musamman sun tashi daga kusan 240,000 a 2015 zuwa sama da 575,000 a 2024. Da yawansu makarantar da ta dace da su tana da nisa, sai an ɗauki tasi, wani lokaci har da mai rakiya. Kuɗin jigilar ɗalibai ya haura fam biliyan 2 a shekara. Doka kuma ta hana hukuma kashe abin da ba ta da shi. A Satumbar 2023 hukumar birnin Birmingham ta shelanta cewa ta gaza daidaita kasafinta. Wanda aka ɗaure wa hannu a kan wajibi, alfarma zai fara yankewa.

Sai dai akwai tufka da warwara. Tun 2015 doka ta tilasta wa matashi a Ingila ci gaba da karatu ko koyon sana'a har shekara 18, amma haƙƙin mota kyauta yana ƙarewa a 16. Ɗalibin Landan bai cika jin wannan a jikinsa ba, domin bas kyauta yake hawa. A Scotland ma, tun 2022 duk wanda bai kai 22 ba ba ya biyan kuɗin bas. Ɗan ƙauye ne ke shan wuya: kwaleji tana gari, bas ba ta wucewa sai jefi-jefi, sai ya haƙura da kwas ɗin da yake so ya ɗauki wanda ƙafarsa za ta kai shi. Uwar matashi mai lalura kuwa, a maimakon tasin da ke zuwa ƙofar gida, sai a ba ta kuɗin mai a ce ta kai shi da kanta, safe da yamma. Daga nan aikinta ya fara tangal-tangal.

Don haka iyaye su bincika tun da wuri. Kowace hukuma dole ta wallafa tsarin jigilar 'yan sama da 16 kafin ƙarshen watan Mayu, kuma takan nemi jin ra'ayin jama'a kafin ta sauya shi. Wanda aka hana taimako yana da damar ɗaukaka ƙara mataki biyu, kuma kwalejoji suna da asusun tallafa wa 'yan 16 zuwa 19 da ke biyan kuɗin mota. Kafin a cike takardar neman gurbi, a auna nisan makarantar, a tambayi wanda zai biya kuɗin hanya.