Na koma gem ɗin da na watsar, sai ga ni da hawaye

Yau ba fim ko waƙa zan taɓo kai tsaye ba, amma ku biyo ni, za ku ga duk tafiyar ɗaya ce.

Lokacin ina sakandare ni mayen gem ne, musamman irin wanda ake kira indi. Wato gem ɗin da mutum ɗaya ko 'yan mutane ƙalilan suka haɗa, ba babban kamfani ba. Da yawansu babu harbe-harbe, babu ƙwallo, labari ne kawai kake tafiya a cikinsa. Da na gama makaranta na shiga neman na kaina, sai na watsar, har nakan ce ai wasan yara ne.

Kwanan baya na sake ɗauko To the Moon a waya. Kan Gao ne ya yi shi a Kanada, ya fito a 2011, sai a 2017 aka kawo shi Android. Labarin wani tsoho ne, Johnny, yana kwance rai a hannun Allah. Burinsa ya je duniyar wata, amma ko shi bai san dalili ba. Sai aka kira likitoci biyu, Eva Rosalene da Neil Watts, suka shiga ƙwaƙwalwarsa da na'ura, suna bin rayuwarsa da baya da baya, daga tsufa har yarinta. Aikinka shi ne nemo ƙananan kayan da yake tunawa da su, kowanne ya buɗe maka ƙofar wani zamani.

Wancan karon gaskiya tsallake hirar nake yi, ina jiran a fara faɗa. Wannan karon kuwa na zo bayan na yi jinyar kakana, wanda a ƙarshe ko sunana ba ya iya kamawa. Wallahi ban kai rabi ba na ajiye wayar na yi shiru. Gem ɗin yana nan yadda yake, ni ne na girma.

To mene ne bambancinsa da fim? A fim kai ɗan kallo ne, ko ka rufe ido labari zai wuce. A nan in ba ka matsa ba, komai ya tsaya, don haka nauyin yana kanka. A Firewatch na 2016, kai kake zaɓar amsar da Henry, mai gadin daji, zai ba Delilah ta rediyo. A Undertale na 2015 kana iya gamawa ba ka kashe kowa ba, in kuma ka yi kisa, labarin ba ya mance maka.

Ga masoya kiɗa kuma, nan ne daɗin yake. Kan Gao da kansa ya tsara yawancin kiɗan gem ɗinsa, haka ma Toby Fox a Undertale. Akwai wani sautin piyano, For River, da Johnny ya yi wa matarsa. Yana ta dawowa, kuma duk dawowa ma'anarsa ta sauya, don ka ƙara sanin abin da ya shiga tsakaninsu.

Shawarata, ka bari sai dare, ka sa abin ji a kunne, kada ka tsallake rubutu. Da Turanci yake, amma mai sauƙi ne, kuma awa huɗu zuwa biyar ka gama. In akwai wanda ka taɓa bari a rabi, koma masa, sannan ka zo ka ba mu labari.