Tsohuwar Fijo Wagon: A Bar Ta da Tabonta ko a Mayar da Ita Amarya?

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi a shekarun 1980 da 1990 ya san Fijo 504 wagon, domin kuwa ita ce sarauniyar wannan hanya. Ranar Alhamis, ranar cin kasuwar Shinkafi, sai ka gan su jere a tasha, an cika kujeru layi uku da mutane, an loda buhuna a baya har ƙofar ba ta rufuwa sai da igiya. Daga Ƙaura, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, wasu su miƙe Shinkafi su zarce Isa da Sabon Birni, wasu kuma su karkata Zurmi su ɓulle Jibiya. A yau Golf da Sharon sun karɓe tasha, rashin tsaro ya rage tafiye-tafiye a waɗannan hanyoyi, yawancin wagon ɗin kuwa sun faɗa hannun 'yan gwangwan, an sayar da su bisa sikeli. 'Yan kaɗan ne suka rage, suna kwance a gindin bishiya ko cikin kango.

A ɗauka cewa wani dattijon direba ya rasu ya bar wa 'ya'yansa ɗaya daga cikinsu. Babban ya ce a kai ta Gusau ko Kano a kankare tsohon fenti, a fesa sabo, a sake kujeru, ta koma kamar ranar da ta fito daga kamfani. Ƙanen ya ce a'a, a wanke ta, a gyara abin da ya lalace kaɗai, a bar ta yadda baba ya bar ta. Na farko yana son sabuntawa ke nan, na biyu yana son adanawa. Wannan gardama ba ta gidansu ba ce kaɗai, masana adana kayan tarihi sun daɗe suna yin ta, kuma kimiyya tana da abin faɗa a ciki.

Abin da ya sa ta yi ƙarko

An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, sa'an nan wagon ta biyo baya a farkon shekarun 1970. A 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya da ita, a shekarar da aka buɗe masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna. Turai ta daina ƙera motar a 1983, amma Kaduna ba ta daina ba sai 2006.

Ƙarkonta ba sa'a ba ce, shiri ne. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a wagon ta kai mita 2.9, wato ta ɗara ta ƙaramar da santimita 16, kuma an sa mata sifirin huɗu a baya, biyu kowane gefe, domin ɗaukar nauyi. Injinta mai cin lita biyu yana da wata dabara da kanikawanmu suka ji daɗinta ƙwarai: ramukan da fistin ke kai da kawowa a ciki ba a jikin inji aka huda su ba, bututu ne na ƙarfe da ake zarewa. In sun cinye sai a zare a sa sababbi, inji ya dawo da ƙarfinsa. Ashe tun daga kamfani an raba motar gida biyu: akwai abin da aka yi don a riƙa sauya shi, akwai kuma wanda aka yi don ya zauna. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Maƙiyanta a ƙasar Zamfara

A Turai tsatsa ce ke kashe tsofaffin motoci, saboda laima da gishirin da ake zubawa a kan titi lokacin ƙanƙara. Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin a lokaci guda. In babu ruwa, aikin ya tsaya cik. To, a Shinkafi ana shafe fiye da rabin shekara ba ɗigon ruwan sama, don haka ƙarfen motocinmu ya fi na takwarorinsu na Turai lafiya. Inda tsatsa ke samun kafa shi ne wurin da laka ta maƙale, a bayan taya da ƙarƙashin tabarmar ƙafa da ƙasan ƙofa. Lakar fadamun Gagare da Bunsuru takan riƙe danshi makonni bayan hanya ta bushe. Maganinta ruwa da buroshi ne a ƙarshen damina, ba fenti ba.

Rana ita ce babbar maƙiya. A cikin haskenta akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda ke tsittsinka sarƙar sinadaran da suka haɗu suka zama roba da fenti. Shi ya sa fenti ke yin gari-gari a hannu, gaban mota ya dare, robar gilashi ta tsattsage. Sai kuma ƙura. Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta fetur sai ya shaƙi iska kimanin lita 9,000, iskar hunturu kuwa cike take da ɓarɓashin yashi mai kaifi. In matatar iska ta huje, wannan yashi zai gauraya da baƙin mai ya zama kamar magogi, ya cinye fistin da zobbansa. Akwai kuma wata ɓarna da muke yi da hannunmu: zuba ruwan rijiya zalla a lagireto. Kan injin na alminiyum ne, gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe. Ƙarafa biyu mabambanta a cikin ruwa mai gishiri-gishiri sun zama ƙaramin batir ke nan, kuma alminiyum ne ke narkewa a hankali. Kanikawa da yawa sun buɗe inji sun tarar da kansa ya rarake kamar gara ta ci, ba tare da sanin dalili ba.

Ajiye mota a kulle ma ba adanawa ba ce. Fetur yakan yi danƙo a kabureta, batir ya mutu, man birki ya sha danshi daga iska, ɓera ya ci waya, zanzaro ya yi gini a salansa. Motar da ake tayarwa a zaga gari da ita duk mako biyu, har inji ya yi zafi sosai, ta fi wadda aka lulluɓe lafiya.

Inda duniya ta karkata

Shekaru da dama masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka sun fi son sabuntawa, har sukan mayar da mota ta fi yadda kamfani ya yi ta ƙyalli. Daga baya aka lura cewa ana asarar abin da kuɗi ba ya mayarwa, domin mota sau ɗaya take zama ta asali. Ƙungiyar duniya ta masu motocin tarihi, FIVA, wadda ke ɗaukar mota mai shekara 30 zuwa sama a matsayin ta tarihi, ta fitar da Yarjejeniyar Turin, ta fara aiki a 2013. Gundarinta shi ne a girmama alamun shekaru, a rubuta duk gyaran da aka yi, kuma a fifita gyaran da za a iya warwarewa gobe. A 2024, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wata Bugatti ƙirar 1934 da ba a sabunta ba ta zo ta ɗaya, karo na farko da motar rukunin adanawa ta yi haka.

Mu kam wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu. Mai gidan ƙasa ba ya rushe soron kakansa don ya tsage; yaɓe yake yi kafin damina, ya sauya azarar da gara ta ci, soro na nan.

To, wa ke da gaskiya?

A ganina ƙanen ya fi kusa da ita, amma da sharaɗi. Tsufa iri biyu ne a jikin mota: akwai wanda shaida ne, akwai wanda hatsari ne. Santsin da hannun direba ya yi wa sitiyari, da lotsawar da buhun gero ya yi wa ƙofar baya, da rubutun addu'a a gilashi, duk shaida ne, ba su cutar da kowa. Amma taya, da bututun birki, da man birki, da robobin sitiyari, da bututun fetur, ba su da alfarmar tarihi ko kaɗan. Taya takan tsufa ko da ba a taka ta ba. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Man birki kuwa a sauya shi duk shekara biyu. Wanda ya bar tsohuwar taya don ta asali ce, ya ɗauki iyalinsa ya hau hanyar Zurmi, ba adana tarihi yake yi ba, ganganci yake yi.

Abin da ke ba ni tsoro game da sabuntawa shi ne yadda aka saba yin ta. Sai a shafe tsatsa da fila, a fesa fenti a fili iska na kaɗa ƙura, mota ta yi kyau wata shida, sa'an nan fenti ya fara kumbura domin tsatsar na ci a ƙarƙashi. Walda kuma takan ƙone fentin da ke bayan ƙarfe, inda ido ba ya kaiwa, ta buɗe wa sabuwar tsatsa ƙofa. Fentin kamfani, ko ya kwashe, an gasa shi ne da zafin da garejin bakin titi ba ya iya samarwa, kuma sau da yawa sabulu da man gogewa sun isa su fito da launinsa. Duk da haka, in tsatsa ta huda daɓen mota ko ta ci inda sifirin ya dafa, babban wa ya yi gaskiya: a yanke a sa sabon ƙarfe, a shafe bayansa da fenti da mai.

Duk abin da aka cire kada a jefar. A sa shi a buhu, a rubuta ranar da aka cire shi. A nemi takardun motar a akwatin marigayi: rasit, da lasisi, da katin ƙungiyar direbobi. In an yi sa'a aka tarar da tsohuwar lambarta mai farawa da SO, ta zamanin da Shinkafi ke cikin Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiri Zamfara a 1996, a goge ta a ajiye tare da su.