Ambaliya Ta Wuce, Ruwan Gulbi Nawa Ya Rage?

Tun bayan ambaliyar daminar 2024, wadda ta yi wa jihar Maradi mummunar ɓarna, wata magana ke yawo a kasuwanni daga Gazawa zuwa Gidan Rumji: wai ruwa ya dawo, gulbi ya farfaɗo, masu kukan ƙafewar fadama su huta. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba.

Gulbin Maradi da Gulbin Kaba duk daga ƙasar Katsina suke fitowa, su zagaya ta Nijar, su sake faɗawa Najeriya. Na Maradi yana gudu da damina ta Madarumfa da Tibiri. Na Kaba kuwa, wanda ke shigowa ta wajen Gazawa, ba kasafai ake ganin ruwansa yana tafiya ba. Arzikinsa yana kwance ƙarƙashin yashi, inda saiwar goriba da gugar mai garka suke tarar da shi. Wannan ruwa na ƙasa ba ya ƙaruwa sai in na sama ya samu wurin tsayawa ya nutse sannu a hankali. Ruwan da ya zubo dare ɗaya a kan ƙasar da aka sare wa itace wucewa yake a guje, ya kwashi yashin gonaki ya juye a tabki. Shi ya sa tabkin da ya tumbatsa a Agusta yakan ƙafe da wuri: cikinsa ya cike, ba shi da zurfin da.

Da yawa suna ɗora laifin kan madatsar ruwan Jibiya, kuma gaskiya ne ta sauya tafiyar Gulbin Maradi. A 1990 ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan gulbi. Sai dai mai neman rabonsa dole ya zo da lissafi, lissafin nan kuwa shi ne ya yi ƙaranci.

Barazanar da ke tafe ta cikin gida ce. Da, tsadar man fetur ce ke taka wa mai noman rani birki; in mai ya ƙare, inji ya tsaya. Yanzu famfo mai aiki da hasken rana yana ja daga hantsi har la'asar ba a biya ko dala ba. Alheri ne ga mai albasa da tumatir da zogale, ba mai musu. Amma ruwan ƙasa kamar rumbu ne da dukan gari ke ɗiba a cikinsa ta ƙananan ƙofofi, kowa na ganin damin da ya zaro, ba wanda ya hau ya leƙa ya ga inda hatsi ya tsaya. Ranar da hannu ya taɓo ƙasan rumbun, mai gajeriyar rijiya ne zai fara kwana da ƙishi.

Goriba ma tana nuna alama. A duba kwarin Gulbin Kaba: kututture ne birjik, gajeru, ana yanke musu sabuwar kaba tun tana tsiro don tabarma da igiya, ba a bari ko ɗaya ya miƙe ya yi ƴaƴa. A makiyaya kuma garmani, da dabba ba ta damu da shi ba, ya kore ciyawa.

Nan ne ya kamata Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar binciken noma ta INRAN su zuba ƙarfinsu. Aikin farko ba shi da tsada: rijiyoyin awo a tsawon gulabun biyu, a riƙa rubuta zurfin ruwa kowane wata, a kuma ƙirga famfunan. Sai gwajin ingancin ruwa, domin mutanen Tibiri ba su manta da yaran da sinadarin fulorayid na ruwan burtsatse ya lanƙwasa wa ƙashi ba. Tafkin Madarumfa ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, amma ƙananan tabkunan Agiye da Gazawa, da garke ke sha har bazara, ba su samu irin wannan kulawa ba.

Masu awon ma ba sai an ɗauko su daga Yamai ba. Manoman Ɗan Saga a gundumar Agiye, waɗanda suka kafa kwamitin tsaron itatuwan da suka raya a gonakinsu, za su iya riƙe igiyar awo da littafi in hukuma ta ba su, ta kuma dawo ta karanta abin da suka rubuta.