YAYA ZA MU AUNA TATSUNIYA IDAN TA ZAMA FIM?

Duk wanda ya tashi a Zangon Kwatano ya san yadda dare yake a da. Bayan sallar lisha yara su kewaye kaka, ita kuwa ta fara da "ga ta nan, ga ta nanku". Yau waya ta karɓe wannan fili. Yaranmu suna karatu da Faransanci a lakwal, suna ciniki da harshen Fon a Dantokpa, Hausa kuwa ta rage ta gaisuwa da aike. Wannan ne ya sa wasu daga cikinmu malaman sakandare muke ba ɗalibai aikin su samo tatsuniya a gida, su mai da ita rubutun fim. Aikin yana da daɗi, amma idan takardu suka taru a gabanmu, sai tambaya ta taso: da wane mudu za mu auna su?

Da farko dai, wannan hanya tana da magabata. Littafin tatsuniyoyin da R. S. Rattray ya buga a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu, wato Hausawan zango irinmu suna da hannu a ciki. A Nijar, marigayi Mustafa Alasan ya fito da fim ɗin zane mai motsi, La Mort de Gandji, a 1965, daga baya ya yi Toula bisa wani labarin gargajiya da Bubu Hama ya rubuta. A Nijeriya, Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. Har Bafaranshe Michel Ocelot ya ɗebo daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma ya yi Kirikou a 1998, duniya ta kalla. To, mai kaya ya fi kowa cancantar ya taɓa kayansa.

Matsalar ita ce, mun saba da gyaran insha'i. Jan biro yana hannu, idonmu yana kan kuskuren nahawu. Idan muka auna rubutun fim da wannan mudu, yaron da ya iya Faransanci zai kwashe maki ko da labarinsa ba ya motsi, wanda kuwa ya kawo labari mai rai zai faɗi saboda harafi. Wannan zalunci ne, kuma yaron da aka zalunta sau ɗaya ba zai sake zuwa wurin kakarsa neman tatsuniya ba.

Ga shawararmu a kan maki 20 da muka saba da su a makarantun ƙasar nan.

Maki 6 na riƙon amanar labari ne. Ɗalibi yana iya kawo Gizo tashar Jonke ya ɗora shi a kan zemijan, babu laifi. Amma tilas Gizo ya kasance Gizo, da wayonsa da haɗamarsa, Ƙoƙi kuma da haƙurinta. Idan akwai waƙa a cikin tatsuniyar, kada a jefar da ita, domin sau da yawa a nan asirin labarin yake.

Maki 6 na nunawa ne. Kaka tana iya cewa "Gizo makwaɗaici ne", kowa ya yarda. Kyamara ba ta ɗaukar wannan jimla. Sai mun ga Gizo yana tura nama cikin hularsa, yana rantsuwa da cewa azumi yake yi. Duk abin da ido ba zai gani ba, kunne ba zai ji ba, ba shi da wuri a takardar.

Maki 4 na zance ne. Mu rufe sunayen 'yan wasa da hannu mu karanta. Idan mun gane maganar sarki daga ta kura, mun kuma ji tsamin bakin Gizo, to yaro ya yi aiki. Muna ganin ya kamata a bar zancen da Hausa, bayanin fage ya zo da Faransanci, don malamin da ba ya jin Hausa ya iya bin labarin.

Maki 2 na tsari ne: kowace fitowa a faɗi wuri, ciki ko waje, dare ko rana. Masu sana'ar suna lissafa shafi ɗaya a matsayin kimanin minti ɗaya, saboda haka shafi 5 ya ishi ɗan sakandare. Nan ne kuma za a duba kurakuran rubutu. Maki 2 da suka rage na wanda ya zo da abin da ba mu zata ba.

Saura abu biyu. Na ɗaya, aikin ƙungiya: mutum ɗaya ya rubuta, biyar su sa suna. Na biyu, manhajojin waya da ke rubuta wa yaro labari cikin ƙiftawar ido. Maganinsu ɗaya ne. Kowane ɗalibi ya tsaya gaban aji na minti 3, ya faɗi wanda ya ba shi tatsuniyar, abin da ya sauya, da dalilinsa. Sa'an nan 'yan ajin su karanta fitowa ɗaya da babbar murya. Inda aka yi dariya da inda aka yi hamma sun fi jan bironmu faɗin gaskiya. Kuma a ba yara wannan ma'auni tun kafin su fara, kada a ɓoye shi sai ranar gyara.

Iyaye, kira gare ku. Idan yaro ya zo yana neman tatsuniya, kada a kore shi da cewa wasan banza ne. A nan Kwatano akwai makarantar ISMA mai koyar da aikin fim da talabijin, a Wagadugu kuma ana bikin FESPACO tun 1969. Da ma an ce da sanyin safiya ake kama fara, tsofaffinmu kuwa ba za su dawwama ba. Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya yi wa yaranmu albarka, amin.