Kada Ka Danna Allow Ga Shafin Da Ba Ka Sani Ba

Jama'a, a duba wayoyi yau, kada a bari sai gobe.

Kana neman sakamakon ƙwallo ko sauke wani fim, sai ɗan akwati ya ɓullo yana neman izinin turo maka sanarwa. Wasu shafukan har cewa suke bidiyo ba zai buɗe ba sai ka danna Allow. Ƙarya ce. Tun 2015 Chrome ya ba shafuka damar aiko saƙo ta na'urorin Google har fuskar wayarka, ko da ka rufe shafin tun makon jiya. Mai shafin ne ke rubuta kanun, shi ke zaɓar hoton da zai liƙa a gefe. Yana iya ɗora tambarin bankinka ko na gidan rediyon da ka yarda da shi.

Daga nan sai saƙonnin su fara faɗowa kamar ruwan sama. An rufe asusunka. Wayarka ta kamu da cuta. Gwamnati na rabon tallafi. Ka danna, a nemi BVN da lambar sirrin katinka, alhali banki ba ya tambayar kowa lambar sirrinsa. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na "da ɗumi-ɗumi": an kai hari gari kaza, wani babba ya rasu. Mutum ya ɗauki hoton sanarwar ya watsa a WhatsApp bai buɗe labarin ba, kafin la'asar uwa tana kuka, 'yan kasuwa suna rufe shaguna.

Ko sanarwar gidan jarida na gaske ce, a karanta ciki. A Disambar 2024 manhajar Apple mai taƙaita sanarwa ta nuna wa mutane, da tambarin BBC, cewa Luigi Mangione, wanda ake zargi da kisan shugaban kamfanin inshora a New York, ya harbe kansa. BBC ba ta faɗi haka ba. A Janairun 2025 Apple ta dakatar da taƙaita labarai.

In baƙuwar sanarwa ta faɗo, ɗora yatsa a kanta ka riƙe, sunan wanda ya aiko zai bayyana, ka kashe shi nan take. Sannan ka shiga saitin Chrome, wurin izinin shafuka, ka cire duk wanda ba ka gane ba. In ka gama da wayarka, ka karɓi ta Baba da ta Inna ka duba musu.